Shekara Talatin a Kujerar Mataimaki: Yadda Ake Auna Aikin Bill Guthridge

Tambaya: Na karanta tarihin wani mataimakin kocin ƙwallon kwando na jami'a a Amurka, sai na ga an cika shi da kofuna da nasarorin da ƙungiyarsa ta samu. Shin adalci ne a lissafa wa mataimaki abin da ƙungiya ta ci, alhali ba shi ke da ta cewa ba? Kuma akwai wanda ya yi suna a wannan matsayi?

Amsa: Malam, tambayarka ta taɓo wani abu da su kansu masu sharhin wasanni a Amurka ba su gama daidaitawa a kansa ba, kuma ina ganin za a fi fahimtar amsar idan muka ɗauki mutum guda muka bi sawun aikinsa. Wanda na zaɓa shi ne Bill Guthridge, wanda ya yi shekara 30 cur, daga 1967 zuwa 1997, yana mataimakin Dean Smith a Jami'ar Arewacin Karolina da ke garin Chapel Hill, sannan ya riƙe ƙungiyar da kansa na tsawon kaka uku. Abin da ya sa ya dace da tambayarka shi ne muna iya ganinsa a kujeru biyun, ta mataimaki da ta babban koci, mu kwatanta.

Kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata a san inda ƙwallon kwandon jami'a ya sha bamban da na ƙwararru, domin a nan ne darajar mataimaki take. A ƙungiyar ƙwararru ɗan wasa na iya yin shekara goma ko fiye yana sanye da riga ɗaya. A jami'a kuwa ɗalibi ne, kuma a zamanin da muke magana a kai ƙa'idar hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ba shi kaka huɗu ne kawai, waɗanda suka fi hazaƙa ma sukan tafi NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, kafin su cika huɗun. Ma'ana, duk bayan shekara huɗu babu ko mutum ɗaya da ya rage daga tsohuwar tawaga. A wancan zamani ba a sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya, sai dai a je makarantun sakandare a yi zawarcin yara 'yan shekara 17, a shawo kan iyayensu, a ba su gurbin karatu kyauta, a koya musu tsarin wasa daga tushe, a kuma tabbatar suna shiga aji suna cin jarrabawa, don wanda makinsa na karatu ya faɗi ba ya taka fili. Mafi yawan wannan ɗawainiya a wuyan mataimaka take. Su ne ke kwana a hanya wajen duba yara, su ne ke zama gaban faifan bidiyo suna nazarin abokan karawa, su ne ke tsayawa da ɗan wasa ɗaya bayan an tashi daga atisaye suna gyara masa yadda yake ɗaga hannu wajen jifa. Gasar ƙasa kuma, wadda ake yi a watan Maris, sili-ɗaya-ƙwale ce: an doke ka sau ɗaya, ka koma gida. Ƙungiyoyi huɗun da suka rage a ƙarshe su ne Amurkawa ke kira Final Four, kuma kaiwa wannan mataki na 'yan huɗu ko sau ɗaya abu ne da koci ke tinƙaho da shi har ƙarshen rayuwarsa.

An haifi Guthridge a 1937 a garin Parsons da ke jihar Kansas. Ya yi wasa a Jami'ar Jihar Kansas a ƙarƙashin Tex Winter, mutumin da daga baya duniya ta san shi da tsarin kai hari mai kusurwa uku wanda Chicago Bulls da Los Angeles Lakers suka ci kofuna da shi. Yana cikin tawagar da ta kai matakin 'yan huɗu a 1958. Lissafi ya karanta, ya ɗan koyar da wasa a wata makarantar sakandare a Scott City, sannan a 1962 ya koma wurin Winter a matsayin mataimaki, inda suka sake kaiwa 'yan huɗu a 1964 kafin UCLA ta fitar da su. A 1967 Larry Brown ya bar kujerar mataimaki a Chapel Hill ya koma buga wasa, Smith ya ɗauko Guthridge ya maye gurbinsa. A lokacin ba a barin ɗaliban shekarar farko su buga wa babbar ƙungiya, sai a 1972 aka ɗage wannan doka, don haka akwai ƙungiyar sababbin shiga ta daban, kuma horar da ita na cikin ayyukan da ya fara da su. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin duk yaron da zai isa hannun Smith sai ya fara bi ta hannunsa.

Yanzu ga lissafin da ake rubutawa a tarihinsa. Smith ya kai Arewacin Karolina matakin 'yan huɗu sau 11, kuma goma daga ciki Guthridge na zaune a gefensa: 1968, 1969, 1972, 1977, 1981, 1982, 1991, 1993, 1995 da 1997. Sau uku suka kai wasan ƙarshe aka doke su, a hannun UCLA a 1968, Marquette a 1977 da Indiana a 1981, har aka fara yi wa Smith gorin cewa yana iya kai ruwa bakin tulu amma ba ya iya zubawa. Gorin ya ƙare a 1982 a birnin New Orleans. A wasan kusa da na ƙarshe suka fitar da Houston da ci 68 da 63, tawagar da ke da wani matashi ɗan Legas da bai daɗe da fara ƙwallon kwando ba, wato Hakeem Olajuwon. A wasan ƙarshe da Georgetown, ɗan wasansu James Worthy ya ci maki 28, amma abin da kowa ke tunawa shi ne jifar da wani ɗalibin shekarar farko mai suna Michael Jordan ya yi saura daƙiƙa goma sha wani abu a tashi, wadda ta ba su nasara da ci 63 da 62. Kofi na biyu ya zo a 1993, a wannan birni dai, lokacin da suka doke Michigan da ci 77 da 71, wasan da Chris Webber na Michigan ya nemi a tsayar da agogo alhali ƙungiyarsa ta riga ta cinye damarta, aka hukunta su. A tsakani akwai gasar Olamfik ta 1976 a Montreal, inda Smith ya jagoranci tawagar Amurka, Guthridge da John Thompson suna mataimakansa, suka dawo da lambar zinariyar da Tarayyar Sobiyet ta ƙwace a Munich a 1972. John Thompson ɗin nan shi ne kocin Georgetown da suka doke bayan shekara shida.

To, nawa ne rabon Guthridge a cikin wannan duka? A nan ne nake ganin masu rubuta tarihin mataimaka ke yin sakaci, kuma kana da gaskiya da ka yi shakka. Jera shekarun kofuna kaɗai ba ya nuna komai game da mataimaki, domin wanda ya zauna a benci kaka biyu a ƙungiyar da ta riga ta cika da taurari zai iya fita da zoben zakara ba tare da ya tsinana wani abu ba, yayin da wani ke can a ƙaramar jami'a yana mayar da yaran da kowa ya ƙi ƙwararru, ba wanda ya san sunansa. Idan za a yi adalci, sai a tambayi abu uku: wane ɓangare na aikin aka damƙa masa, wane ne ya fito daga hannunsa, kuma shin nasarar ta ɗore bayan tawagogi sun sauya sau da yawa.

Game da ɓangaren da aka damƙa masa, an san Guthridge da horar da dogayen 'yan wasa masu tsayawa a gindin kwando da kuma gyaran jifa. Wanda ya san wasan ya san cewa dogon yaro ɗan shekara 18 galibi tsawonsa ya riga hankalinsa da ƙafafunsa girma: a sakandare yana cin maki ne kawai don ya fi kowa tsawo, bai san yadda ake kafa ƙafa a juya ba, bai san yadda ake tare abokin karawa da baya don ƙwace ƙwallon da ta dawo daga allo ba, bai iya jifa da hannun da bai saba da shi ba. Koyar da wannan aiki ne na maimaici mai gundura, wata da watanni, wanda babu kyamarar da ke ɗauka. A shekarun da Guthridge ke wurin ne jami'ar ta fitar da Bob McAdoo, Bobby Jones, Mitch Kupchak, Sam Perkins, Brad Daugherty wanda aka ɗauka na farko a zaɓen 'yan wasan NBA na 1986, Eric Montross da Rasheed Wallace. Ba zan ce shi ya ƙera su ba, don kowannensu ya zo da baiwarsa, amma jerin da ya faro daga farkon shekarun 1970 ya kai tsakiyar 1990, a matsayi ɗaya na wasa, a hannun malami ɗaya, ya wuce a kira shi dace. A wajen zawarci ma yana cikin mutanen farko daga jami'ar da suka je Wilmington suka kalli Jordan yana wasa a makarantar sakandare ta Laney, tun kafin sunan yaron ya karaɗe ƙasa.

Akwai kuma aikin da ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Smith mutum ne mai ƙa'idoji: wanda ya ci ƙwallo sai ya nuna da yatsa wanda ya miƙo masa, 'yan benci su miƙe tsaye idan an sauya ɗan wasa, wanda ya gaji ya ɗaga dunƙulallen hannu a fitar da shi ya huta, makara kuma laifi ce mai hukunci. Kafa doka abu ne mai sauƙi, tsare ta kullum a kan yaran da jaridu ke kira taurari shi ne wuya, kuma tsofaffin 'yan wasan gidan sun sha bayyana Guthridge a matsayin mai tsare dokar, mutum mai ƙarancin magana, mai barkwanci a ɓoye, wanda ba ya ɗaga ƙafa a kan shiga aji ko kiyaye lokaci. Sama da kashi 95 cikin ɗari na 'yan wasan Smith sun kammala digirinsu, kuma wannan adadi bai samu ba sai da wani ya riƙa bin diddigin kowane yaro. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, don ya san abin da waziri yake a fada: sunan sarki ake kira a waƙa, amma idan wazirin ya yi rauni kowa a gari zai ji a jikinsa.

Sai batun ɗorewa, wanda a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi. Shekara 30 a wasan jami'a na nufin tawaga ta sauya gaba ɗaya fiye da sau bakwai. Wasan kansa ma ya sauya. Lokacin da ya zo, Charlie Scott ne baƙar fata na farko da jami'ar ta ba gurbin karatu na wasa. Babu agogon da ke ƙayyade lokacin jifa, abin da ya ba Smith damar amfani da dabarar nan tasa ta kusurwa huɗu, inda ake baza 'yan wasa a riƙe ƙwallo har lokaci ya ƙare. A kakar 1985 zuwa 1986 aka kawo agogon daƙiƙa 45 ya kashe wannan dabara, kaka ɗaya bayan haka aka kawo layin maki uku. Duk da haka ƙungiyar ba ta taɓa yin ƙasa da nasara 20 a kaka ba tun daga 1971, kuma ba ta taɓa rasa gurbi a gasar ƙasa ba tun daga 1975, har Guthridge ya bar aiki. Sauran mataimaka sun zo sun tafi, Eddie Fogler ya tafi, Roy Williams ya yi shekara goma ya tafi Kansas a 1988. Mutum biyu ne kawai ba su motsa ba. Idan abu ya ɗore haka kuma mutum biyu ne kaɗai suka kasance a wurin daga farko har ƙarshe, to ba hankali ba ne a ɗora wa ɗaya dukan yabon.

Ba rashin masu nema ne ya zaunar da shi ba. An sha yi masa tayin zama babban koci, wanda aka fi sani shi ne na Jami'ar Jihar Pennsylvania a 1978, wanda ya amsa sannan ya janye ya koma Chapel Hill. Wasu na ɗaukar irin wannan a matsayin rashin buri ko tsoron ɗaukar nauyi. Ni ban yarda da wannan fassara ba. Aikin babban koci a jami'ar Amurka rabinsa ba wasa ba ne, hira da 'yan jarida ne, liyafa da attajiran da ke ba jami'a gudummawa, da shan zagi a rediyo duk ranar da aka yi rashin nasara. Wanda abin da yake so shi ne koyarwa, kuma ya samu shugaban da ke sauraron shawararsa, yana da dalili mai kyau na zama inda yake.

A ranar 9 ga Oktoba, 1997, saura kwanaki kaɗan a fara atisayen sabuwar kaka, Smith ya yi murabus da nasara 879, adadin da ba wanda ya kai a lokacin a babban rukunin maza. Mutane da yawa sun fahimci zaɓen wannan lokaci a matsayin hanyar tabbatar da cewa kujerar ta faɗa hannun mataimakinsa, tunda babu sararin neman wani daga waje. Guthridge yana da shekara 60. Ya gaji tawaga mai ƙarfi ƙwarai, da Antawn Jamison da Vince Carter da Ed Cota da Shammond Williams da Makhtar N'Diaye ɗan Senegal da Ademola Okulaja, haifaffen Legas da ya tashi a Jamus. Mutum shida ne da kowannensu ya cancanci fara wasa, gurbi kuma biyar, sai ya warware matsalar ta hanyar da ta dace da malamin lissafi: ya riƙa juya su bisa jerin haruffan sunayensu, kowane wasa mutum ɗaya ya fara daga benci, har da Jamison wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan ƙasa a shekarar. Sun ci wasa 34 aka doke su sau 4, sun ci kofin gasar yankinsu ta ACC bayan doke Duke a wasan ƙarshe, sun kai 'yan huɗu a San Antonio, inda Utah ta fitar da su da ci 65 da 59. An ba shi lambar Naismith ta gwarzon kocin shekara.

Ni dai ba na ba wannan kaka nauyi sosai wajen auna shi, domin da irin waɗannan 'yan wasa koci da yawa za su kai nesa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar ta ƙare da Jamison da Carter suka tafi NBA a 1998. Kaka ta biyu ta ƙare da nasara 24 da rashin nasara 10, da kuma abin kunya: ƙaramar jami'ar Weber State ta fitar da su a zagayen farko da ci 76 da 74, Harold Arceneaux shi kaɗai ya zuba musu maki 36. Kaka ta uku ta fi muni a farkonta, suka shiga gasar ƙasa da nasara 18 da rashin nasara 13, a matsayi na takwas a rukuninsu, magoya baya suna ta ƙorafi a fili. Sai ga shi sun doke Missouri, sun fitar da Stanford wadda ke kan gaba a rukunin, sun wuce Tennessee da Tulsa, sun sake kaiwa 'yan huɗu a Indianapolis da Cota da Brendan Haywood da sabon shiga Joseph Forte, kafin Florida ta tsayar da su da ci 71 da 59. Wannan tafiya ta 2000, da tawagar da ba wanda ya sa wa rai, ita ce ta fi nuna mini cewa mutumin ya san wasa da kansa. A ƙarshen Yunin shekarar ya ajiye aiki da nasara 80 da rashin nasara 28. Idan aka haɗa zamansa ɗan wasa, mataimaki a jami'o'i biyu da babban koci, ya halarci matakin 'yan huɗu sau 14.

Akwai suka da ake yi masa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Masu sukar na cewa a kakarsa uku zawarcin sababbin yara ya yi rauni, domin iyaye da yara sun san dattijo ɗan shekara 60 ba zai daɗe ba, abokan hamayya kuma suna amfani da wannan wajen janye su. Bayan tafiyarsa Roy Williams ya ƙi karɓar kujerar, aka ba Matt Doherty, wanda ya fara da kaka mai kyau, sannan a ta 2001 zuwa 2002 ƙungiyar ta ci wasa 8 kacal aka doke ta sau 20, jerin shekara 27 na halartar gasar ƙasa ya yanke. Wani kaso na wannan faɗuwa yana komawa ga ƙarancin 'yan wasan da aka bari, wani kuma ga sauye-sauyen da sabon kocin ya yi, ciki har da zuwa da nasa mataimakan a maimakon waɗanda ya tarar. Duk ta inda aka kalle shi, abin ya dawo kan batunmu, domin ɓangarorin biyu da ake zargi, zawarci da sauya mataimaka, duk aikin benci ne. Sai da Williams ya dawo a 2003 gidan ya farfaɗo, ya ci kofi a 2005.

Saboda haka idan ka sake cin karo da tarihin wani mataimaki, ka duba shekara nawa ya yi a wurin, ko nasarar ta riga shi zuwa ko tare suka zo, wane matsayi na wasa yake horarwa da kuma abin da 'yan wasan wannan matsayi suka zama, su wa ya kawo, da abin da ya faru a ranakun da aka bar masa ragama. Chris Dailey, wadda ta zama mataimakiyar koci Geno Auriemma a ƙungiyar mata ta Jami'ar Connecticut a 1985 kuma aka ci duka kofunan ƙasa 12 da ƙungiyar ta samu zuwa 2025 tana wurin, za ta tsallake wannan gwaji kamar yadda Guthridge ya tsallake. Da yawa daga masu dogon jerin kofuna ba za su tsallake ba.

Bayan ritaya Guthridge ya ci gaba da zama a Chapel Hill kusa da tsohon maigidansa. Smith ya rasu a ranar 7 ga Fabrairu, 2015. Guthridge, wanda ya daɗe yana fama da ciwon zuciya, ya bi shi a ranar 12 ga Mayu na wannan shekara, yana da shekara 77.